Aljanar da Ta Fito a Hoto Ba Shiri

Rana ta gangara bayan rumbunan gidan Abarci, awaki sun dawo daga kiwo, matarsa Aisa tana tuƙa tuwo, ladan bai riga ya buɗe baki ba. Maraice ne irin na kullum a Dakoro. Sai tsakuwa ta faɗo cikin tukunyar miya.

Aisa ta zagi ƴaƴan maƙwabta, ta haɗa da iyayensu. Wata tsakuwar ta bugi kwanon rufi. Wadda ta biyo baya kuwa ba daga sama ta zo ba, daga ɗakin ɗiyarsu Adawiyya ta fito, ɗakin da babu kowa a ciki. Nan Aisa ta haɗiye sauran zagin.

Ita Adawiyya baƙa ce mai sheƙi, amma ba ta taɓa yafe wa madubi wannan maganar ba. Ta ƙware a kwalliyar hoto. Takan ce salula tana cinye rabin hoda, don haka sai an ninka. A ido, fuskar kamar bangon da aka shafe da farar ƙasa, wuya kuma yana nan yadda Allah ya yi shi. A hoto kuwa, ko uwar da ta haife ta sai ta tambayi ɗiyar gidan wa ce. Kuma ta gano cewa babu hasken da ke karɓar kwalliya kamar na gab da magariba, a gindin tsohuwar tsamiyar bayan gida.

Da farko Aisa ta hana ta, don ba a tsayawa gindin tsamiya da almuru. Amma da Yazidu, dillalin raƙuma ɗan Tagriss, ya ga hoton a salular wata ƙanwarsa har ya turo magabatansa, sai Aisa ta manta da hanin. Yazidu yana can arewa wajen fatauci, bai taɓa ganin yarinyar ido da ido ba. Shi ma hotunansa suke zuwa, kullum cikin rawani har hanci, da baƙin tabarau.

Jifa bai tsaya ba. Kowace magariba sai ya dawo. Daga baya aka fara jin kukan mace a bayan rumbu, kuka mara ƙarfi, irin na wadda ba ta son a san tana yi. Rannan Adawiyya ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, ta fizgi faifai ta rufe fuska, ta ce da muryar tsohuwa: “Kar wanda ya dube ni.”

Abarci bai ji tsoron aljanu kamar yadda ya ji tsoron maganar ta kai Tagriss ba. Ya hau kabu-kabu ya ɗauko Malam Harisu daga Korahane, ya shigo da shi ta ƙofar awaki don kada maƙwabta su gani, alhali maƙwabtan suna jere a kan katanga.

Malam ya zauna, ya ja carbi har duhu ya fara cin bangon gidan. Sannan ya soma karatu a hankali, yana tofawa a ruwa yana yayyafawa. Faifan ya ɗauki rawa.

“Wace ce ke? Mi aka yi maki?”

“Malam, kauda idonka tukuna. Ban shirya ba.”

Malam ya kauda ido.

“Ni ce mai tsamiya. Tun kakan Abarci bai yi kaciya ba nike zamne nan, ban taɓa taɓa kowa ba. Ita wagga yarinya sai ta zo daidai lokacin da nike hitowa daga wanka, kai ba ɗankwali, ido ba kwalli, ta ɗaga abin nan nata, ƙyas! Ita ta sha hoda, ni ina bayanta yadda uwata ta haife ni.”

Aisa ta ce, “Wallahi, Inna, ba mu ga kowa ba cikin hoton.”

“Ku ba ku gani. Namu suna gani! Har rijiyoyin Adjekoria an san ni. Surukaina sun gani. Ban iya zuwa suna, ban iya zuwa biki.” Kukan ya dawo. Abarci ya sunkuyar da kai, har ya ji kamar shi ya ɗauki hoton.

Malam ya ce a goge hotunan. Ta ce abin da ido ya gani ba ya goguwa. Ya yi mata tayin turare, ta ce ba wari ta ce tana yi ba. Abin da take so ɗaya ne: yarinyar ta wanke fuska tas, ta tsaya gindin tsamiya, ta ɗauki hoto, duk mai lambarta ya gani.

“Kin yi tsanani, baiwar Allah. Yarinya ce, ba da gangan ta yi ba. Mutum guda ya gani, ya isa.”

Aljanar ta ja dogon tsaki.

“To, mutum guda. Mai rawani.”

Aisa ta dafe ƙirji. Faifan ya faɗi, Adawiyya ta yi atishawa ta farka, aka gaya mata hukuncin. Ta ce gara a mayar mata da aljanar.

Washegari da almuru ta tsaya gindin tsamiya da fuskar da Allah ya ba ta, ido ya kumbura da kuka. Ta yi bisimilla, ta ce, “Gafara dai, Inna,” ta ɗauka, ta tura. Alama ta nuna Yazidu ya buɗe. Aka yi salla, aka ci tuwo, Abarci yana ta tunanin bakin da zai tari mutanen Tagriss da shi.

Ana kwashe kwanoni salula ta yi ƙara. Hoto ne. Yazidu ne, ba rawani, ba tabarau: sanƙo tun daga goshi har ƙeya, da giɓin da raƙumi ya yi masa a gaba. A ƙarƙashi ya rubuta: “Tunda kin fara.”

An ɗaura aure bayan layya, kuma jifa bai sake faɗowa gidan Abarci ba. Sai dai ranar da amarya take haɗa kayanta, an nemi gwangwanin hoda sama da ƙasa ba a gani ba. Ni ban rantse ba, amma masu dawowa da awaki sun ce in ka bi ta gindin tsamiyar da almuru, kakan hango fuska fara fat tsakanin rassa. Wuyan ne dai har yau ba ta koyi shafawa ba.