Bugu na Uku

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da mijinta ya sauke ta a ƙofar wajen aikinsu.

"Injiniya, ke da cikin nan ba kwa hutawa ne?"

"Yanzu zan fito, Yallaɓai. Oga ya ce gini ya sake faɗuwa."

"Ni fa ginin da na sani da bulo ake yi."

Ta harare shi tana murmushi, ta shige.

Aikinsu haɗa 'yar na'urar da ungozoma ke ɗorawa a cikin mai juna biyu ta ji bugun zuciyar jariri. Na'urar ba ta da ƙarfin gina manhajarta da kanta, sai a gina a babbar kwamfuta, a gaya wa kwamfutar irin ƙwaƙwalwar da ake yi wa, a zuba a memori, wato ɗan katin ajiya, a sa wa fanel, allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar. In aka kuskure irin ƙwaƙwalwar, fanel ba zai ko motsa ba. Kamar ɗinka riga ne ga wanda ba ka gani.

Kowa ya tashi. Ɗakin na warin dalma da ƙurar fanka. Ta gyara layin manhajar da ya karye, ta sake gini, ta sa memori a fanel. Shiru. Ta canza waya. Shiru. Ta gwada wani fanel ɗin, shi ma ko ƙyaftawa bai yi ba.

A kwalin ƙarƙashin tebur ta ga wani fanel da ba ta sani ba. Baƙi, babu sunan kamfani, babu lamba a kan ƙwaƙwalwarsa. Sanyi gare shi kamar an ciro shi daga randa. Ta san ba zai tashi ba, tunda ba don shi aka yi ginin ba. Ta dai sa memorin, ta jona shi da kwamfuta.

Ya tashi.

Rubutu ya zubo a fuskar kwamfuta, sannan ya tsaya cak. Layi ɗaya ya fito, da harshen da take magana da shi a gida, wanda babu mai rubuta manhaja da shi a wajen nan.

"Wannan jikin ya yi mini sanyi."

Fanka ta tsaya. Ba a ɗauke wuta ba.

Sai lasifikar na'urar ta fara: dif-dif-dif-dif. Sauri-sauri, ƙarami. Ta san wannan bugun, kullum da shi take gwada na'urorinsu, har ta taɓa kai wa mijinta ya saurara ya yi ta share ido yana cewa ƙura ce. Bugun abin da ke cikinta ne.

Amma abin da ake ɗorawa a ciki yana can kan tebur, a kife.

Ƙarƙashin bugun jaririn ta ji nata bugun. Ƙarƙashin nata kuma akwai wani. Mai nauyi. A hankali. Kamar ana daka a gida mai nisa.

Kwamfuta ta fara sabon gini ita kaɗai. Ta duba layin da ake rubuta irin ƙwaƙwalwa. Babu sunan ƙwaƙwalwa a wurin. Watannin cikinta ne a rubuce.

"A'uzu billahi," ta faɗa.

Ta danna tsayarwa. Gini ya ci gaba. Ta fizge wayar wuta daga bango. Fuskar kwamfuta ba ta mutu ba.

Bugu na ukun ya ƙara sauri. Yana bin na jaririn. Yana koyonsa.

Warin ƙonannen gashi ya cika ɗakin. Wani abu ya huro mata iska mai ɗumi a cibiya, ta cikin riga.

"Saura kaɗan," aka raɗa daga lasifika.

Jaririn ya daina motsi.

Ta lalubo filaya. Duk abin da aka gina, ta memori yake bi. Ta cafke shi, ta ja. Ya ƙi. Zafi ya bi ƙarfen ya kama tafinta. Bugu biyun sun kusa zama ɗaya.

Ta runtse ido ta murɗe da duk ƙarfinta.

Ƙas!

Duhu. Shiru.

A waje, hon ɗin babur ɗin mijinta ya yi kira.

Ba ta san yadda ta kai ƙofa ba. Ta dai ji ta faɗa jikin mijinta, ta kamo hannunsa ta danna a cikinta.

"Lafiya? Me ya same ki? Yi magana mana!"

"Yi shiru. Ka ji ko yana motsi."

Suka tsaya. Can sai ga wata 'yar shura a tafinsa. Ta fashe da kuka.

Washegari Oga ya zazzage kwalin, bai ga wani baƙin fanel ba. Rabin memori kawai ya tsinta a bakin filaya. Ita kuwa ba ta sake taka wajen ba.

Ta haifi 'ya mace, lafiyayya, mai idon babanta. Sai dai in rana ta kusa faɗuwa, yarinyar kan yi tsit, jikinta ya yi sanyi. Uwar takan kwantar da kunne a ƙirjinta ta saurara. Ta san ginin bai kammala ba. Abin da ba ta sani ba shi ne nawa ya riga ya shiga.