Hoton Da Ba a Nemi Izini Ba

Da faɗa suka fara, kuma a kan fitila.

Wata Asabar ce da yamma, makaɗan unguwa suna wasa a zauren matasa. Auta tana durƙushe a gaban dandamali da kyamararta, gumi yana bin bayanta, amma duk hoton da ta ɗauka sai mawaƙan su fito kamar an tsoma su a ruwan bula. Ranta ya ɓaci. Ta miƙe fuu ta nufi bayan zauren, inda wani dogon saurayi yake zaune gaban teburin da ake sarrafa fitilu.

Ta yi magana, ƙarar ganguna ta haɗiye. Ta sake ɗaga murya, ya nuna kunnensa ya girgiza kai. Sai ya rubuta lambarsa a fuskar wayarsa ya nuna mata. Tana tsaye a kansa ta tura masa saƙo.

"Malam, shuɗin nan naka yana kashe mini aiki. Don Allah ka ba ni fari a hagu."

"Ranki ya daɗe, mawaƙin ne ya ce shuɗi yake so. Amma tunda kin haɗa ni da Allah, waiwaya ki gani."

Ta waiwaya. Wani farin haske mai taushi ya sauka a fuskar mai ganga, har gumin goshinsa ana gani. Ta ruga ta ɗauka, hoto ya fito tas. Kafin ta ce ta gode, wayarta ta sake motsi.

"Lambata tana hannunki yanzu. Ni kuma ban saba a karɓi abina a tafi ba."

Ta ja tsaki, amma fa da murmushi ta ja shi.

Injiniya ake ce masa, don shi ke haɗa fitilu da wayoyi a kusan duk taron da ake yi a yankin. Ita kuwa ba inda ba ta zuwa: yaye ɗalibai, wasan ƙwallon yara, buɗe sabon shago, ranar sharar unguwa, taron tsofaffin 'yan makaranta. To, mutum biyu da aiki yake kai su wuri ɗaya kowane mako, ai sai dai Allah ya kiyaye. Bai kiyaye ba kuwa, don alheri ya nufe su da shi.

Tun ana saƙon "ƙara haske" da "rage ja", har aka koma "kin ci abinci?" Ya fara ajiye mata ruwan sanyi a ƙarƙashin teburinsa. Ita kuma in ta ga an bar shi shi kaɗai da naɗe wayoyi bayan taro, sai ta ƙirƙiri goge gilashin kyamara har ya gama.

"Idona," ya rubuto mata wata rana, "yau fitilar tsakiya ta ƙi juyawa sai inda kike. Na yi mata faɗa ba ta ji ba."

"Haskena, ka daina ɗora wa fitila laifi. Mai taron yana kallonka."

Yayarta ta kama ta tana dariya ita kaɗai a kicin, ta ce, "Auta, wannan dariyar ba ta kwastoma ba ce. Wane ne?" Auta ta rufe fuska da murfin tukunya.

Akwai wani hoto da ya fito da sunan Auta tun kafin ta san Injiniya. A wani wasan kiɗa na tsofaffin malaman makaranta ta ɗauke shi. Wata dattijuwa ce mai kamala, ta tashi daga kujerarta ita kaɗai tana rawa, idonta a rufe, hannunta na dama a miƙe. Auta ba ta san ta ba, ba ta kuma tambaye ta ba. Ta dai ga kyau ta danna, ta koma gida ta ɗora a shafinta. Kafin ka ce me, hoto ya zagaya wayoyi. Da shi aka san ta, kuma shi masu shirya baje kolin hotuna suka zaɓa za su kafa a bakin ƙofa.

Ranar da ta nuna masa cikin alfahari, Injiniya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ya yi kyau," da wata murya da ba tasa ba, ya miƙa mata wayar. Ta ɗauka gajiya ce.

Ya je gidan su Auta ya gaida Baba. Baba ya ƙare masa kallo ya ce, "Kai ba ka da Asabar, ita ba ta da Lahadi. Yaushe za ku zauna ku yi auren?" Aka yi dariya, Baba ya ce Allah ya tabbatar da alheri. Saura Umman Injiniya, wadda ya ce zai yi wa magana a makon.

Daga makon nan ne ya canza.

Saƙo ya koma "lafiya lau" da "ina aiki". A taro zai ba ta haske daidai yadda take so tun kafin ta nema, amma ba zai ɗago ya dube ta ba. Ruwan sanyin yana nan a ƙarƙashin tebur, mai ruwan ne babu. Wayyo, Auta ta shiga wani hali. Sai ta zauna gaban kwamfuta za ta tace hotuna, ta tsinci kanta tana leƙen gefen kowanne, ko za ta ga kafaɗarsa ko hannunsa a kan tebur. Ta yi kewarsa har abinci ya daina yi mata daɗi. Ta rubuta saƙo ta goge, ta rubuta ta goge.

"Haskena, in laifi na yi ka faɗa mini. Shirun nan ya fi faɗa ciwo."

Ya karanta, bai amsa ba.

Rannan a wajen wani wasa, tana jawo nesa da dogon gilashin kyamararta, sai ta hango shi a bakin ƙofa da wata mawaƙiya mai zaƙin murya, 'yar ƙanwar Ummansa, wadda kowa ya san dangi suna yi masa sha'awarta. Tana gyara masa wuyan riga. Gaban Auta ya faɗi, duk hotunan da ta ɗauka bayan nan ba su yi kyau ba, sai da ta zubar.

Da aka tashi ta same shi yana naɗe waya. Ta ce, "Da ka gaya mini ai da na yi maka murna. Kyauta ma zan ɗauki hoton bikin."

Ya saki wayar ta zube. "Wane biki? Wallahi ƙanwa na ɗauke ta, ita ma ta sani. Aike Umma ta ba ta."

"To mene ne? Me na yi maka?"

Ya zauna a kan akwatin fitila kamar wanda aka zare wa laka. "Matar da ke rawa a hotonki, Ummata ce."

Auta ta dafa tebur ta ce, "Ummanka?"

Ya ce lokacin da aka ɗauki hoton, Abbansa bai shekara da rasuwa ba. Da hoton ya bazu, dangin Abba suka yi mata ca, wai ga matar da ko kunya ba ta ji, miji bai daɗe a ƙasa ba tana tiƙar rawa duniya tana kallo. Matar da ta shugabanci makaranta, kowa yana sunkuyar mata da kai, ta koma ba ta fita ko ƙofar gida. "Tun ranar da kika nuna mini na so in faɗa miki, tsoro ya hana ni. Da na gaya mata ke nake so, ta ce in nemi kowa a duniya ban da mai hoton nan. Ni kuma ba zan iya saɓa mata ba, ba zan iya barinki ba. Shi ya sa na rasa bakin magana, Idona."

Ta koma gida ta yi kuka mai isarta a cinyar Yaya. Yaya ta ce, "Ke ma dai Auta, mutum ba fure ba ne da za ki gani ki tsinka." Auta ba ta yi musu ba. Da safe ta sauke hoton daga shafinta, ta kira masu baje koli ta ce su cire shi. Suka ce ko ta san abin da take yi, shi ne fa mutane za su zo gani. Ta ce ta sani.

Ta wanke hoton ƙwaya ɗaya babba, ta sa a ambulan tare da katin kyamarar da asalinsa yake ciki. Ta bar kyamara a gida, ta tafi.

Falon Umma tsaf yake, littattafai a jere, labule a sauke da rana tsaka. Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Umma ta amsa a taƙaice, ba ta ce ta hau kujera ba.

"Umma, ni ce na ɗauki hotonki ban tambaye ki ba. Na cuce ki, ban sani ba, amma rashin sanin ma laifina ne. Na cire shi ko'ina. Ga wanda ya rage, ba ni da wani. Ki yi yadda kika so da shi."

"Kin cire," in ji Umma. "Daga idon waɗanda suka gani fa, kin cire?"

"Ban iya ba, Umma."

"To don ɗana kika zo, ko don ni?"

Hawaye ya zubo wa Auta. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ina sonsa, son da ban san yadda zan yi da shi ba. Amma ko kin hana ni shi, haƙurin nan sai na ba ki."

Umma ta zaro hoton. Ashe ba ta taɓa ganinsa da kyau ba, sai a wayoyin masu kawo gulma, ana tura mata shi a fuska. Ta gyara tabarau ta ƙura masa ido. Sai Auta ta ji tambaya ta fito mata ba shiri.

"Umma, me ya tashe ki rawa ranar?"

Dattijuwar ta ɗago da sauri. Auta ta ce a ranta shi ke nan, ta ƙarasa ɓata lamarin.

"Kin san ba wanda ya taɓa tambayata?" Muryar Umma ta karye. "Kowa cewa yake yaya aka yi na iya. Waƙar da suka sa, ita Abbansu yake yi in yana guga, ba murya ba komai, yara suna yi masa dariya. Da na ji ta, mantawa na yi ya tafi. Wannan hannun da kika ga na miƙa, shi na miƙa wa."

Suka yi kuka su biyu, ɗaya a kujera ɗaya a ƙasa. Da Umma ta share ido ta ce, "Tashi ki je, na ji."

Jiran da ya biyo baya ya fi na farko wuya. Auta ta ci gaba da aiki, sai dai yanzu duk wanda ta ɗauka sai ta bi shi ta nuna masa ta nemi izini. Wasu su yarda, wasu su ce ta goge, ta goge ko da hoton ya kai ya kawo. A taro ita da Injiniya sai kallo daga nesa, don sun yi alkawari ba za su matsa wa Umma ba. Wani lokaci saƙo ɗaya ne zai shigo.

"Ina nan, Idona."

"Ni ma ina nan."

Har ta fara cire rai, sai wata safiya tana shanyar kaya, wayarta ta yi ƙara.

"Umma ta ɗaga labulen falo. Ta ce ki zo da kyamararki, tana son hoto ita da ɗanta, ita ta nema da bakinta. Ta kuma ce ki taho da wanda zai karɓi kyamarar, don hoto na biyu da ke a ciki za a yi. Idona, kuka nake, kar ki gaya wa kowa."

Auta ta saki zanin da ke hannunta ta kwasa a guje tana kiran Yaya, har ta yi tuntuɓe da bokiti.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Ranar biki amarya ta hana mai hoton da aka ɗauko sakat, tana daga zaune tana ce masa ya matsa hagu, ya durƙusa, ya jira. Ango ya raɗa mata, "Ranki ya daɗe, yau hutu kike." Ta ce shi ma ta ga sau nawa ya harari fitilun mutane.

Da aka kawo ta gaban Umma, ta durƙusa kanta a ƙasa. Umma ta kamo hannunta ta ɗaga ta, ta zaunar da ita a gefenta a kan kujera ɗaya.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari," in ji ta. Sannan ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka ji ni da kyau. In ka ɓata wa yarinyar nan rai, ba gidansu za ta kai ƙara ba. Nan za ta zo, wurin uwarta."