Akwatin da Ke Magana da Saliyo

Ni dai tsoron soja nake yi, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Shekara goma sha tara ina buga tafireta a ofishin 'yan sanda na Gumel, amma ranar da Manjon nan ya shigo, a daminar 1998, sai na duƙufa gyaran takardun da na riga na gyara.

Manjo da mutanensa sun sauka a wani gidan baƙi, suna zagayen duba iyaka daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar. An sace musu akwati. Ba na tufafi ba, wayar tauraron ɗan Adam ce, wadda ake buɗe murfinta ya kalli sama, a yi magana da ko'ina a duniya. A tsaye ya yi wa Sufeto Haladu bayani, wai yaƙin zamani ba na yawan bindiga ba ne, na wanda ya riga jin labari ne, kuma rundunar da ba ta da irin wannan akwati makauniya ce. Shekaranjiya ma, in ji shi, da shi ya yi magana da sojojinmu da ke Saliyo.

"Maigadin gidan yana hannunmu," ya ce. "Ranar da akwati ya dawo, shi ma ya koma gida."

Sufeto ya ce, "To, ranka ya daɗe." A lokacin, wannan ce dokar da muka fi haddacewa.

Minti biyar aka ba Sufeto da maigadin, Cindo, wani dattijo ɗan Ɗanzomo. Ya same shi zaune a ƙasa, idon hagu ya kumbura ya rufe. Cindo ya rantse babu wanda ya shiga ɗakin Manjo. Da aka matsa, ya tuna da Justina mai kawo wa sojojin abinci, amma ita ai ba baƙuwa ba ce, kwanuka ta kwashe a babban daronta.

"Yallaɓai, a taimaka," ya ce. "Ba zan kai jibi a nan ba."

Sufeto ya yi masa alkawari. Da ya dawo ya ce da ni bai san da me zai cika shi ba.

Justina ta ce daga gidan baƙi rumfarta ta wuce, ba ta je ko'ina ba. A tasha kuwa direban Gagarawa ya tuna da ita sarai. Ta hana a sa daronta a but, ta rungume shi a cinya har suka isa, fasinjoji na ta mita.

A Gagarawa, Hamma mai cajin batir ya ce mijin Justina, Hezekiah malamin gona, sau biyu ya kawo batir jiya. Abin ya ba shi mamaki, don talabijin ɗin malamin tun bara ta mutu.

Sufeto bai tambayi gidan ba. Duk mai talabijin a garin yana kafa gora, ya ɗaura murfin tukunya a kai don kamo tashar Nijar. Gora ɗaya ce aka haɗa ta da wata, ta zarce kowace, murfinta sabo fil yana ƙyalli.

"Malam, wace tasha kake nema haka?"

"Ƙwallo nake son kallo, Sufeto."

"Ba talabijin?"

Sufeto ya bi wayar da ta sauko daga gorar, ta shiga ta taga. Ga akwatin a kan tebur, an shimfiɗa masa zane mai tsabta, an naɗe bakin wayar a mariƙinsa. Kusa da shi hoton wani saurayi ne cikin kakin soja.

Hezekiah ya ce shi ya ɗauka. Justina, wadda ta riga Sufeto isowa gida, ta ce ya daina, shi da ko hanyar gidan baƙin bai sani ba. Ɗansu Jonathan yana Saliyo, wata goma ba wasiƙa. Tana zuba miya ta ji Manjo yana cewa ya yi magana da can. Kwana ɗaya kawai ta so, ta mayar.

"Kun same shi?" Sufeto ya tambaya.

"Muna ta kira, yallaɓai. Ni in kira, Babansa ya kira. Shiru."

"Wace lamba kuka buga?"

Ta dubi mijinta, ta dubi Sufeto.

"Ashe sai da lamba? Sunansa muke faɗa."

Sufeto bai sa mata ankwa ba. Ya ce, "Maman Jonathan, ɗauki mayafinki." A mota shi ya rungume akwatin a cinya.

An sallami Cindo da la'asar. Idon nan bai ƙara gani da shi ba. Justina aka wuce da ita kotu, ni na buga takardar, ko kuskure ɗaya babu.

Sajan mai kula da wayar ne ya zo sa hannun karɓa. Yana sa hannu ya faɗa mini wata magana ƙasa-ƙasa, ni kuwa, da yake kun san halina, ban sa ta a rahoto ba. Akwatin tun kafin su baro Kano ya lalace.