Warin Kalanzir a Zaure

Kwana uku ina fama da warin kalanzir ɗin da mijina ya zubar a zaure. Na barbaɗa toka, na dirje da sabulu, a banza. Shi ke surka shi da fetur ya sayar, ni ke goge-goge: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da almuru wata mata ta yi sallama, muryarta a shaƙe.

"Huta, 'yar'uwa," in ji ta. "Ni ma an wanke ni, warin bai fita ba. Ina maigidan? Ya zo ya ga fitilata."

Ta miƙo ta. Kwalbar ta narke, ta manne da yatsunta. Na dubi tokar da ta tako, ba sawu ko ɗaya.