Baffa a Ajin Sifaniyanci

Ranar da wani saurayi ya fara shiga ajin, a makare ya zo, hannunsa duk baƙin mai. Malama tana gaban allo tana rubuta ƙananan kalmomin Sifaniyanci da ke bin aikatau: con, de, en. Ta juyo za ta balbale shi da faɗa, suka haɗa ido, sai ta manta da faɗan.

"Yi haƙuri Malama, injin asibiti ne ya tsaya, sai da na tayar da shi."

"Nan ba asibiti ba ne. Zauna."

Mai gyaran injinan asibiti ne, kamfaninsu zai tura shi ƙaro ilimi ƙasar da ake jin yaren. Nan take 'yan aji suka laƙaba masa Injiniya.

Malama tana da tata hanyar koyarwa, kuma ba ta son a ja da ita. A Sifaniyanci wasu aikatau kowanne da 'yar kalmar da yake tafiya da ita. Mafarki na tafiya da con, tunani da en, kamuwa da so da de, aure kuma da con. Babu dalili, haka masu yaren suka gada.

"Ba a haddace su a takarda," in ji ta. "A baki ake haddace su."

Sai ta zaunar da ɗalibai biyu-biyu, suna fuskantar juna, kowa ya kalli idon abokinsa ya yi ta maimaita jimla har ta zauna. Kuma jimlolin soyayya take zaɓa, wai abin da ya taɓa zuciya ba ya ɓacewa. Wannan dabara tata ita ta kusa cinye ta.

Ba a jima ba saƙo ya fara shigowa wayarta.

"Malamata, yau injin ya ƙi tashi, ni ma zuciyata ta ƙi zama. Kin ci abinci?"

Ta amsa: "Injiniyana, na ci. Ka wanke hannu kafin ka taɓa littafina gobe."

Don kada 'yan aji su gane, sai ta nisanta shi da teburinta, ta haɗa shi da wata ɗaliba mai sayar da turare, wadda in ta shigo sai kowa ya yi atishawa. To fa! Kullum Malama na tsaye da alli a hannu, tana jin masoyinta yana kallon idon Mai Turare yana cewa, "Pienso en ti." Ina tunaninki. Ita kuwa Mai Turare sai wani lumshe ido take, ta karkace kai.

"Ba a ce ki lumshe ido ba!" Malama ta daka mata tsawa wata rana. "Bakinki za ki buɗe."

Haushi kamar ya kashe ta, amma wa za ta kai ƙara? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Da Injiniya ya turo manyansa neman aure, mahaifin Malama ya ce a ba shi lokaci. Ya kira ƙanensa, Baffa, ya ce ya je ya dubo masa halin yaron. Baffa mutum ne da bai taɓa zuwa wuri ya dawo babu labari ba. Maimakon ya tambayi maƙwabta ko abokan aiki, sai ya zagaya bayan makarantar ya laɓe a jikin taga. Ya hango Injiniya gwiwa da gwiwa da wata 'yar gayu, yana zuba mata yare. Ya tare wani ɗalibi da ya fito shan ruwa.

"Kai, me wancan yake gaya wa yarinyar can?"

"Cewa yake yana mafarkinta, kuma zai aure ta."

Baffa bai ƙara tambaya ko ɗaya ba. Ya kaɗa riga sai gida.

"Yaya, da idona na gani, da kunnena na ji! A gaban 'yarka ma yake yi, ita kuma tana tsaye kamar an dasa ta."

Baba ya ce maganar aure ta mutu. Malama ta durƙusa a falo gabansa.

"Baba, wallahi karatu ne. Ni na rubuta jimlar, ni na sa shi ya faɗa."

"Wane irin karatu ne namiji zai ce wa mace zan aure ki? So ya rufe miki ido har kina ɗaukar masa laifi."

Zalunci dai ƙiri-ƙiri, an yanke wa bawan Allah hukunci ta taga. Injiniya da ya ji labari, saƙon da ya turo ko gaisuwa babu.

"Ke kika haɗa ni da ita. Turarenta har ciwon kai yake sa ni, na daure saboda ke. Yanzu ni ne mayaudari?"

Ta rubuta: "Kai ma ai murmushi kake mata." Ta kashe wayar, ta kifa kai a filo ta yi kuka mai isarta.

Umma, mahaifiyar Malama, ce ta gaji. Ta sami Baffa yana shan shayi, ta ce, "Kai da ka ce gani ya kori ji, ai rabin gani ka yi. Ka shiga ta ƙofa ka zauna, in ka isa."

Baffa ba ya son a ce bai isa ba. Washegari ya shigo aji da hula a karkace. Malama ta gaishe shi har ƙasa, sannan ta miƙe ta koma malama.

"Baffa, dokar ajin nan, duk wanda ya zauna sai ya yi karatu."

Ta haɗa shi da wani direban tanka mai gemu har ƙirji. Ta ce su kalli idon juna. Baffa ya gyara murya, ya bi bakinta.

"Estoy enamorado de ti."

"De! Ka ƙara fito da de ɗin, Baffa."

Ya ƙara fito da ita, da ƙarfi kuwa. Direba ya dafa ƙirji ya mayar masa, "Voy a casarme contigo."

"Me muka ce?" in ji Baffa.

"Alhaji, cewa ka yi ka kamu da sona. Ni kuma na ce zan aure ka."

"A'uzubillahi!"

Aji ya kece da dariya, har Mai Turare tana share hawaye. Baffa ya miƙe, kujera ta faɗi. Ya dubi direba, ya dubi Injiniya da ke can gefe fuska a murtuke, sai jikinsa ya yi sanyi. Amma da yake Baffa ne, kan Malama ya juye.

"Ke kuma, duk faɗin yaren nan babu zancen kasuwa, babu na asibiti, sai na aure? Kin kusa sa ni ɗaukar alhakin yaron mutane!"

Ya taka har gaban Injiniya ya miƙa masa hannu. "Ɗana, na yi maka ƙazafi. Ka yafe mini."

"Ba komai, Baffa. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da yamma saƙo ya shigo: "Malamata, na huce. Amma daga gobe direban tanka nake so."

"An ba ka shi, Injiniyana. Ni ma na huce."

Baffa ya je ya warware wa Baba komai, aka ɗaura aure kafin tafiyar Injiniya. Baba ya so ya ba da ita da kansa, Baffa ya hana.

"Bakina ne ya kusa raba su, Yaya. Ka bari bakin nan ya haɗa su."

Da aka shafa fatiha ya shigo ciki inda amarya take zaune a lulluɓe. Ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, 'yata. Ya tsare gidanku daga bakin mutane, har da irin nawa."

Malama ta riƙe hannunsa ta ce amin, hawaye na sauka a kan lallenta.