Mijin da 'Yan Kallo Suka Zaɓa

"Ki rabu da shi! Ki rabu da mai baƙin man nan, yarinya!"

Bu Darmi ce ta ɗaga murya, tana nuna talabijin da cokali kamar wadda ke ciki za ta ji ta. Matan da ke kan benci suka amshe: "Faɗa mata dai!"

Jatmiko ya ajiye kofin shayinsa, ya dubi faratansa da man inji ya yi wa zobe.

"Bu... ni ma fa bakanike ne."

"Kai daban, Le. Kai ɗana ne. Wannan kuwa dubi rigarsa, kamar tsumman goge tukunya!"

Rumfar shayin Lik Paino ta kaure da dariya. Jatmiko bai yi ba.

Duk bayan sallar magariba haka unguwarmu ta bakin garin Klaten take taruwa a wannan rumfa saboda wasan kwaikwayon da ake nunawa a talabijin. Labarin Nirmala ne, yarinya mai rubuta wa manyan mawaƙa waƙa, su yi suna, ita ba wanda ya san ta. Maza biyu ke sonta: Bram mai ɗakin naɗar waƙa da farar mota, da Tejo mai gyaran babur.

Da a ce wasa ne kawai, da ba komai. Amma waƙoƙin da ke ciki duk Kinanti ce ta rubuta su, 'yar Pak Sutar, wadda Jatmiko zai aura ƙarshen makon nan. Mutanen talabijin sun zo har gida sun zauna da ita, sun yi ta tambayarta yadda take rayuwa. Don haka unguwa ta yanke hukunci: Nirmala ita ce Kinanti, Tejo shi ne Jatmiko.

To, Bram fa?

Ba wanda ya manta Mas Aldo, mutumin kamfanin da ya riƙa zuwa ɗaukar Kinanti zuwa ɗakin naɗi a birnin Jogja. Farar mota gare shi.

"Mas Miko," in ji Yanti mai ɗinki ga Jatmiko, tana ɓare gyaɗa, "ka yi zaɓe kuwa? Gidan talabijin sun ce mu za mu zaɓa wa Nirmala miji ta saƙon waya."

"Ban yi ba."

"Ka yi sauri, mutuminka na shan kaye. Ko kakata ta zaɓi Bram, ita da ba ta gani sosai."

"Ƙanshin turarensa ta jiyo ta talabijin!" wani ya jefo daga baya.

Sai waƙar ta tashi. Ana ruwa a cikin wasan, Bram ya fito da laima, muryar Kinanti na rerawa: "Ka buɗe mini ƙofar mota, ruwa na zuba, na shiga ban ce komai ba, zuciyata ce ta yi surutu..."

Matan suka bi ta baki ɗaya, har da lumshe ido. Jatmiko ya miƙe ya bar shayinsa ko rabi bai sha ba.

Shi bai taɓa mallakar mota ba. In ana ruwa, ledar shago yake ba Kinanti ta rufe kai a bayan babur.

Abin da ya fi ci masa rai, ba halin ya tambaye ta. An sa ta a pingit, ɓoyon da muke yi wa amarya kafin aure: ba ta fita, ango ba ya ganinta, ba ya jin muryarta. Yayar babanta, Bude Narti, wadda ba ta wasa da al'ada, har wayar ta karɓe ta kulle a kabad.

Namiji in ya sami tambaya ya rasa wanda zai yi wa, shi yake ba kansa amsa, kuma ba ya taɓa zaɓar mai daɗi.

Washegari a gareji ya kasa aiki. Ya sa waƙar a waya, ya ji, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Yana bin kowace kalma kamar mai neman inda taya ke yoyo. Wace rana aka yi ruwan? Me ya sa ba ta ce komai ba? Me zuciyar ta ce?

Da la'asar ya ajiye sifana ya nufi gidan su Kinanti.

Tun daga bakin layi ya gan shi. Allon furanni na taya murna, irin wanda kamfanoni ke aikowa gidan biki, amma wannan ya kusa tare hanya. An rubuta sunan Kinanti da jajayen furanni. A ƙasa, sunan Aldo da manyan baƙaƙe. Nasa sunan kuwa, sai ka matso kusa za ka gan shi.

Bude Narti ta tare shi a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ina zuwa?"

"Bude, magana ɗaya kawai zan yi da ita."

"Ko rabi ba za ka yi ba."

"Daga bayan taga ma ya isa. Ba sai na gan ta ba..."

"Le, babanka ya jure, kakanka ya jure. Kai wane irin ƙaiƙayi ne ke damunka? Juya, kafin maƙwabta su ce ɗan Darmi ba shi da tarbiyya."

Ai kuwa sun ce. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da mahaifiyarsa tana naɗe kayan da za a kai gidan amarya, idonta jawur.

"Ka kunyata ni, Miko. Tun rasuwar babanka nake riƙe da mutuncin gidan nan da hannu ɗaya, yau ka je kana leƙen tagar mutane?"

"Bu, kin ga allon da ya aiko?"

"Na gani. Mutumin kirki ne, ya san ya kamata."

"Mutumin kirki! Shi ya sa kullum kike ihu a rabu da bakanike?"

"Wancan wasa ne!"

"Wasan da matata ta rubuta wa waƙa!"

Ta ce a hankali, "Ka yi mini alkawari gobe za ka zauna inda aka ajiye ka, ka sha abin da aka ba ka, ka rufe bakinka. Ba don ita ba. Don ni."

Ya sunkuyar da kai.

"Na yi, Bu."

Jajibirin ɗaurin aure, bayan magariba, dangin ango suka kai kaya gidan Pak Sutar. A al'adarmu ango yakan zo a wannan yammaci, amma iyakarsa baranda. Kowa ya ci ya sha, shi ruwa zalla ake ba shi. Amarya na ɗaki a rufe, sai mahaifinta ya je ya yi mata tambayar ƙarshe: har yanzu zuciyarta na nan kan auren?

Sai aka yi rashin sa'a, ko kuma sa'a, wa ya sani: a wannan yammacin ne ake nuna ƙarshen wasan.

Ba wanda ya kunna talabijin, don kunyar surukai. Amma kowace mace da waya a cinya ƙarƙashin gyale, sauti ƙasa-ƙasa. Har masu raba shinkafa sun tsaya cak da faranti a hannu.

Jatmiko na zaune shi kaɗai a kan kujera, sanye da rigar da ta matse masa wuya, ga kofin ruwa a gabansa. Tagar ɗakin Kinanti na bayansa, an rufe ta da katako da labule. Yana jin ƙanshin furen da aka yi mata wanka da shi.

Sai ihu ya ɓarke.

"Bram! Bram ta zaɓa!"

"Alhamdulillahi!"

"Na faɗa muku! Wa zai bar mota ya hau babur?"

Bu Darmi ma ta tafa sau ɗaya kafin ta tuna inda take. Ta juyo, idonta ya faɗa cikin na ɗanta. Hannayenta suka tsaya a sama.

Jatmiko ya miƙe. Bai ce komai ba, alkawari ya yi. Ya ajiye kofin a hankali, ya fara neman takalmansa cikin tarin takalman baƙi.

Pak Sutar, dattijo mai sanyin hali, ya ga abin da ke shirin faruwa. Bai jira lokacin ya yi ba. Ya je ƙofar ɗakin 'yarsa, maimakon ya shiga ya yi tambayar a asirce, sai ya tsaya a waje ya ɗaga murya.

"Nduk, 'yata. Ga dangi sun taru. Ina tambayarki ta ƙarshe: zuciyarki na nan kan auren Jatmiko?"

Wayoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

"Pak," muryarta ta fito daga ɗakin, "kafin in amsa, a tambayi wanda ke neman takalmi."

Bude Narti ta zabura. "Kinanti! Ba a..."

"Bude, ban gan shi ba, bai gan ni ba. Da bango nake magana. In bangon ya amsa, ba laifina ba ne."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, aka zungure ta.

Jatmiko ya dubi mahaifiyarsa. Ta share ido da bakin gyale, ta gyaɗa masa kai.

Ya matsa jikin tagar, ya kira ta da sunan lallashin da ya saba kiranta da shi.

"Dik..."

"Kada ka ce mini Dik! Ina kulle a ɗakin nan, masu yi mini gyaran jiki na kawo mini labari. Unguwa ta zaɓa mini miji, garin nan ya zaɓa mini, ƙasa gaba ɗaya ta zaɓa mini. Ban damu ba, ba su san ni ba. Amma kai, Mas? Kai ma ka zaɓa mini wani?"

"Wa kika rubuta wa waƙar motar?"

"Au, ita ce?"

"Ita ce! Wa ya buɗe miki ƙofa cikin ruwa? Ni dai leda nake ba ki!"

"Sun turo mini saƙo: ga ruwa, ga mota, ga mai kuɗi, rubuta mana. Haka aikin yake. Da sun ce ga jirgin sama, sai in rubuta ta jirgin sama. Ka san inda na rubuta ta?"

"A ina?"

"A garejinka. A kan bencin nan mai gurguwar ƙafa. Kana kwance gefen babur ɗin liman kana zagin wata ƙusa da ta ƙi kwancewa. Da na gama na ce, Mas, ji wannan. Na rera maka ita tun daga farko har ƙarshe. Kai ne mutum na farko a duniya da ya ji ta."

"Ni?"

"Kai. Ka ce, 'Ta yi daɗi, miƙo mini filaya.'"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Muryarta ta karye.

"Duk waƙar da na yi kai nake fara kawo wa, kuma kullum amsar ke nan. Mas Aldo da kake ƙi, matarsa ce ke zama kusa da ni a motar, amma shi in na rera yakan saurara, don aikinsa ne. Ni kuwa ba kunnensa nake so ba. Naka nake so, Mas... Sai da aka sa wani namiji a cikin waƙata sannan ka ji ta?"

Jatmiko ya dafa katakon tagar da goshinsa. Hawaye na sauka kan sabuwar rigar.

"Na ji ta yanzu, Dik. Wallahi na ji ta. Kwanakin nan ba na ci, ba na aiki, ita kaɗai nake ji. Babu kalmar da ban haddace ba. Har inda kike jan numfashi na sani."

"Ƙarya kake."

"Na rantse."

"To rera."

"A nan?"

"A nan. Gaban Bude, gaban mahaifiyarka, gaban duk masu zaɓe."

Ya waiga. Idanu duk a kansa. Yanti mai ɗinki har ta ɗaga waya, Bu Darmi ta buge mata hannu.

Ya buɗe baki.

Allah ya ba Jatmiko hannu, amma bai ba shi murya ba. Abin da ya fito kamar babur ne da ya sha ruwa. Wani jariri ya fashe da kuka. Bude Narti ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Amma bai tsaya ba, bai kuma tsallake ko kalma ɗaya ba. Ya buɗe ƙofar motar, ya shigar da ita, ruwa na zuba, yana kuka yana ja. Inda take jan numfashi, nan shi ma ya ja.

Ya kai tsakiyar baiti na biyu sai ga wata murya daga bayan katako, siririya, jiƙe da hawaye, ta kama masa ta ɗora shi kan hanya. Suka ƙarasa tare.

Bu Darmi ta rungume mahaifiyar Kinanti, suna kuka kamar an yi musu mutuwa.

Pak Sutar ya gyara murya.

"Nduk, har yanzu ban ji amsata ba."

Aka ji tana jan hanci, tana dariya.

"Na amince, Pak. Da zuciya ɗaya na amince... Amma don Allah a ba shi ruwansa ya sha, kada ya fara ta biyu."