Hoton da Aka Juya wa Bango

"Ban da ɗan mai kai tire," in ji Baba. "Na faɗa, na maimaita."

Auta ta dire masa kofin shayi. "Baba, injiniya ne fa. Mahaifinsa ne ya yi aikin kai abinci a otal, shi ma shekara goma sha biyu ke nan da rasuwa."

"Allah ya jiƙansa. Amma ni da na riƙe otal ɗin nan sukutum, a ce 'yata..." Ya kaɗa hannu, ya haɗiye sauran.

Kowa a unguwa Manaja yake kiran Baba, alhali shekara talatin ke nan yana sayar da kayan gini. Sunan daga tsohon otal ɗin bayan tashar jirgin ƙasa ya samo shi, wanda aka rufe tun ba a haifi Auta ba. Labarin kuwa ta haddace shi tas: ofis mai taga uku, ma'aikata sittin, manyan baƙi suna layin gaishe shi. In Baba ya ɗauko, sai dai abinci ya huce.

Wata takwas Auta tana kuka a kan Injiniya. Ta yi yajin cin abinci na yini guda, yunwa ta karya mata shi da la'asar. Yau dai da dabara ta zo.

"Kamfaninsu aka ba aikin duba otal ɗin kafin a gyara," ta ce. "Ya ce babu wanda zai nuna masa kan ginin kamar tsohon manaja."

Baba ya ƙware da shayi.

Mama, da ke ninke kaya a gefe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da ni za a je. Ina marmarin ganin ofishin nan."

Mutumin da ya shekara talatin yana cika baki, ta ina zai ce ba zai je ba?

Ranar Asabar da hantsi Injiniya ya buɗe kwaɗon babbar ƙofa, ya rusuna har ƙasa ya gaida Baba. Baba ya amsa da hanci. Auta kuwa zuciyarta ta narke, don ya sa rigar da ta ce tana yi masa kyau.

Ciki sai ƙura da kashin tattabaru. Wata ƙatuwar fitilar gilashi tana reto a sama, rabinta ya zube. Bayan teburin karɓar baƙi makullai suna rataye a ƙusoshinsu, duk sun yi tsatsa. Labule kuwa kana taɓa shi sai ya biyo hannunka.

"Baba, ina ofishin manaja yake?" in ji Injiniya, ya gyara biro.

Baba ya nuna hagu da sanda. "Nan."

Aka tura ƙofa, sai ga banɗaki.

"An canja tsari," in ji Baba.

Ƙofa ta biyu tsintsiyoyi ne da bokitai. Ta uku jemagu ne suka fito, Auta ta ƙwalla ƙara ta laɓe bayan Injiniya, Baba ya harare su har sai da ta dawo bayan Mama.

"Lallai an canja tsari sosai," in ji Mama, fuskarta babu alamar wasa.

Injiniya, bawan Allah, ya yi saurin sauya magana. "To ko Baba zai tuna inda babban bututun ruwa ya shigo?"

"Bayan kicin, ƙarƙashin wurin wanke-wanke na biyu," in ji Baba, ko tunani bai yi ba. "Ku biyo ni."

Nan fa tafiyarsa ta canja. Ya ratsa ɗakin cin abinci yana kauce wa tebura kamar jiya ya bar wurin. A ƙarshen ɗakin ƙofofi biyu ne a jere, irin masu komawa da kansu. Auta ta kai hannu kan ta hagu.

"Ke, ba nan ba! Wannan ta fitowa ce, za ki yi karo da mai tire."

Sai ya juya ya ba ƙofar dama baya, ya tura ta da kafaɗa, hannunsa na dama a ɗage daidai kunne, tafin yana kallon sama, sandar a kwance a kai. Ya shige sumul.

Baba ya dubi hannunsa, ya mayar da shi kan hula yana sosa ƙeya.

"Manaja dole ya san komai," ya ce.

"Ƙwarai kuwa, Baba," in ji Injiniya.

Mama ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Baba ya tsaya nuna wa Mama wata tsohuwar tanda, Auta da Injiniya suka wuce wani ɗan ɗaki a bayan kicin inda ma'aikata ke sauya kaya. A bango akwai hoto cikin gilashi. Injiniya ya goge shi da hannun riga.

Ma'aikatan otal ne a jere. A tsakiya wani mai kwat yana zaune, Auta ba ta taɓa ganinsa ba. Can ƙarshen layi wasu samari biyu ramammu cikin fararen riguna, kowa da tirensa, sun dafa kafaɗar juna suna dariya. Ɗayan fuskar Injiniya ce sak. Ɗayan kuwa, ko a cikin mutum dubu Auta za ta gane kunnuwan Baba.

Dariya ta zo mata, takaici ya danne ta. Wata takwas tana kuka a kan tire.

"Babana ne," in ji Injiniya a hankali. "Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Ruwa ya cinye su shekarar da rufinmu ya yaye."

Suka ji takun sanda. Nan take ya juya hoton ya fuskanci bango.

"Me kake yi?" ta raɗa masa. "Hujjarmu ce fa. Kuma babanka ne..."

"Na gan shi, masoyiyata, ya ishe ni. Naki yana da rai. Ba zan so ya ji kunya a gabanki ba."

Baba ya shigo, Mama a bayansa. Idonsa ya sauka kan bango.

"Mene ne wannan?"

"Tsohuwar kalanda ce, Baba."

"Kalanda." Baba ya daɗe yana kallonsa. "Yaro, ni na buga ƙusar nan da hannuna. Kai ma ƙarya ba ta karɓe ka ba, haka ubanka yake."

Ya sauke hoton, ya zauna a kan wani benci ba tare da ya kakkaɓe ba.

"To ku ji. Ni ba manaja ba ne. Ban taɓa zama ba."

"Alhamdulillahi," in ji Mama. "Ni da nake goge maka farar rigar nan a ɗakin wanki, shekara talatin ina gyaɗa kai. Wuyana har ya ƙage."

"Mama, kin sani?"

"A ina kike tsammani muka haɗu?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa a kan fuskar abokinsa. "Ranar da na fasa faranti goma sha biyu a gaban baƙi, shi ya ce shi ya bangaje ni. Shi aka wanke tas, ni na tsira da aikina. Da na buɗe shago, wani ya kira ni Manaja da wasa, na ji daɗi, na ƙara gishiri. Daga nan in na hango ubanka sai in sauya hanya. Ko jana'izarsa ban je ba." Hawaye ya gangaro masa. "Ba kai na ƙi ba, ɗana. Fuskar nan nake gudu."

Auta ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa. Fushin ya tafi, tausayi kawai take ji.

Baba ya miƙa wa Injiniya hoton da hannu biyu. "Naka ne. Ka turo manyanka."

Injiniya ya rungume hoton a ƙirji. Ya ce, "Na gode, Baba. Kuma babu wanda zai ji daga bakina. A unguwa Manaja ne kai."

"A'a," in ji Baba, yana share ido da hannun riga. "In an tambaye ka 'yar wa za ka aura, ka ce 'yar abokin babanka."